Ilmi Jarin Fatauci: Jawabi Ga Hakimai Da Malamai

Ina neman izni in yi magana a kan abin da ke sa kayan ƙasa su karɓu a kasuwannin ƙetare.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗarmu ta sami hanyar zuwa Turai, har aka yi dalar gyaɗa wadda duniya ta sani. Amma hanya kaɗai ba ta riƙe ciniki. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Da masana suka bincika, sai suka tarar guba ce ta fumfunar da ke kama gyaɗa in ba ta bushe sosai ba, watau abin da ake kira afulatoksin. Daga nan masu saye suka shiga gwada kaya kafin su karɓa. A 1975 kuma cutar kuturun gyaɗa ta cinye gonakin Arewa, ciniki ya durƙushe. Haka nan a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

To, ina mafita? Bincike ne. Tashar aikin gona ta Samaru, wadda ta zama cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da irin gyaɗa mai suna SAMNUT, wanda akwai masu jure wa kuturu a cikinsa. Kamfanin da ke da ɗakin gwaji da ma'aikata masu ilmi, shi yakan san sharaɗin mai saye, ya auna kayansa tun a gida. Wanda ba shi da su kuwa, sai ya biya kuɗin jirgi, sa'an nan a komo masa da kaya, ga hasara ga zubar da mutunci.

Saboda haka, ranku ya daɗe, aikin yana farawa ne daga ƙauye. A umurci dagatai su hori manoma su karɓi iri mai kyau daga malaman gona, su shanya gyaɗa ta bushe ƙayau, kada a jibge ta da danshi, kada kuma a zuba fiya-fiya cikin buhun wake. Ku kuma Malamai, ku tsare rubuta lissafin amfanin gona daidai, domin da shi masu bincike ke aiki. Fiye da kome, a sa yara makaranta, gama su ne za su riƙe ɗakunan gwajin gobe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.