Awon Itatuwan Ƙaro: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Ƙasar Dutsin-Ma Da Kurfi

 Maganar yau ta shafi ƙaro, da yadda za a rarrabe itatuwan da ke ba da shi.

Ƙaron Nijeriya daraja uku ne. Lamba 1 na ɗakwara ne, shi ya fi tsada. Lamba 2 na dushe ne. Lamba 3 kuwa gauraye ne na sauran itatuwa. In talaka ya haɗa su a buhu guda, sai mai saye ya karya masa farashi, wahalarsa ta rani ta tashi a banza.

Suna kaɗai ba ya raba gardama, gama abin da ake kira wani itace a wannan gari, a wancan wani sunan ne dabam. Likita Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, ya sa wa kowanne sunansa na Latin saboda wannan ruɗu. Su masana ma sun sāke sunaye: tun taronsu na Melbon a 2011 ba a sa ɗakwara da dushe a zuriya guda. Amma inci yana nan inci. Saboda haka a auna abu huɗu.

1. Ƙaya. Ta ɗakwara uku-uku take fitowa, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, tsawonta wajen rubu'in inci. Ta dushe biyu-biyu ce, fara, miƙaƙƙiya, takan kai inci 3.

2. Fure. Na ɗakwara fari-fari ne, dogo kamar ƙaramar zangarniya, inci 2 zuwa 4. Na dushe rawaya ne, dunƙulalle, faɗinsa wajen rabin inci.

3. Kwanso. Na ɗakwara shimfiɗaɗɗe ne kamar takarda, faɗinsa ya wuce rabin inci. Na dushe siriri ne, ya tanƙwara kamar lauje, bai kai rabin inci ba.

4. Ganye. A nan ne ake raba ɗakwara da kumbar shaho, gama furensu ya yi kama, ƙayarsu kuma duka mai ƙugiya ce. A ƙidaya ƙananan sanduna da ke jere daura da juna a jikin ganye guda. Ɗakwara tana da jeri 3 zuwa 6. Kumbar shaho ta wuce 12, ƙayarta kuma biyu-biyu ce.

Kada malami ya dogara ga ganye ɗaya. Tohon da ya fito bayan awaki sun ci, ko bayan sara, ba ya nuna girman gaskiya. Ya zaɓi itatuwa biyar manya, ya auna reshe biyu daga kowanne, ya rubuta mafi gajarta da mafi tsawo, da sunan ƙauye da kwanan wata.

Da wannan littafi hakimi zai san inda ɗakwara take a ƙasarsa, ya hana masu gawayi sare ta, ya kuma umarci masu tsaga su ware ƙaronta dabam. Allah ya ba da sa'a, amin.