Ba Gamo Ba Ne, Maganin Amai Ne



Yarinya tana amai, aka sayo mata Maxolon a kemis. Washegari wuya ya karkace, idanu suka kafe sama, harshe ya fito. Gida ya rikice, aka ce gamo ta yi.

Jama'a, ba gamo ba ne, maganin ne. Yana tsayar da amai ta hanyar toshe dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsin jiki. Haka Largactil da haloperidol, magungunan taɓin hankali, suke aiki. Toshewar nan ce ke kawo karkacewar jikin, kuma yara da matasa abin ya fi kamawa.

A kai yarinyar asibiti, a tafi da kwalin maganin. Na sake faɗa, a tafi da kwalin. Akwai allurar da ke sakin jikin nan da nan.

Mai taɓin hankali kuwa, magungunan nan sun dawo da mutane da yawa cikin iyalinsu. Kada ya daina sha da kansa. In hannu na rawa, a koma wa likita. In zazzaɓi ya haɗu da sandarewar jiki, kada a kwana gida.

Mu kwana lafiya.