Tsoho mai sana'a da kuɗin tsufa: jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata a Yekuwa

 

An tambaye ni: in tsoho yana karɓar kuɗin tsufa, ya kuma ci gaba da neman na kansa, za a rage masa? Ya danganta da irin kuɗin. Fanshon ma'aikacin gwamnati da na asusun CNSS haƙƙi ne da aka yi shekaru ana yanka daga albashi, ba a auna shi da talaucin mutum. Amma manomi da dillali da mai tebur a kasuwar Magarya, su ne kuwa mafi yawanmu, ba su da ko ɗaya. Abin da ya fi kusa shi ne shirin tallafin da gwamnati ta fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, inda gidajen da aka zaɓa, har da na jihar Damagaram, suka riƙa samun jaka goma a wata, har wata 24. Shi ma don talauci aka bayar, ba don tsufa ba.

To, ranar da mahukunta suka tashi kafa fanshon talakawa, za su ce sai an auna samun mutum. A nan gizo yake saƙar. Albashi yana rubuce a takarda, cinikin ɗan kasuwa fa?

Ku ɗauki dattijo daga Dungas da ya sayi rago jaka 60, ya kai Maigatari ranar Alhamis, ya sayar a kan nairar da ta kai jaka 68. Ya biya mota, ya biya la'ada da haraji, mai canji ya ci nasa. Da ƙyar jaka uku ta rage masa. In mai bincike ya rubuta 68, an mai da shi attajiri a takarda, an hana shi tallafi. Me zai yi? Ko ya ɓoye cinikin, ko ya bar kasuwa ya zauna gindin bishiya. Haka mai gyaɗa ko riɗi, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya da kaka: in an auna shi a watan nan kaɗai, an zalunce shi.

Wasu ƙasashe sun sha wannan gardama. A Ostareliya riba ake ƙirgawa, bayan an cire ɗawainiya. Dala 300 ta farko da tsoho ya samu da guminsa cikin mako biyu (dalarsu, ba tamu ta tamma biyar ba) ba ta shiga lissafi. In samu ya haura iyaka, rabin dala ake ragewa kan kowace dala, ba a soke fanshon gaba ɗaya. Amma ku lura, masu albashi kaɗai suka ci wannan rangwame tun 2009. Masu sana'ar kansu sai a 2019 aka shigar da su. Shekara goma suna jira, a ƙasar da ciniki ke da rasit!

Lesoto kuwa, ƙasar Afirka mai ƙaramin ƙarfi, ta kauce wa awon tun 2004: wanda ya kai shekara 70 a ba shi, sai mai wani fansho na gwamnati. Ni a ganina wannan ya fi dacewa da mu, domin kuɗin da za a kashe kan masu ƙirga awakin tsofaffi gara a zuba shi a hannun tsofaffin.

Malamai ma'aikata, irinku za a aiko da takardar binciken. Alhazai, ku za a tambaya. Kafin nan, kowa ya sayi littafi ya fara rubuta abin da ya saya, da abin da ya kashe, da abin da ya rage masa.