Tambayoyi Goma Kan Shan Barasa: Fassara Kaɗai Ba Ta Isa Ba

 Yau zan taɓo maganar da yawancinmu ke kauda kai idan an ɗauko ta, wato shan barasa, da yadda ma'aikacin lafiya zai gane wanda shan ya fara yi wa illa.

Akwai takardar tambayoyi mai suna AUDIT, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989. An gina ta ne kan bincike a ƙasashe shida, har da Kenya. Tambayoyi goma ne kacal, kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 4, jimilla 40. Wanda ya kai maki 8, ya kamata a zauna da shi tun kafin hantarsa ta taɓu.

To, wani zai ce ai sai a juya ta zuwa Hausa, shi ke nan. Wallahi ba haka ba ne.

Takardar tana ƙirga sha ne da ma'auni guda, giram 10 na tsantsar barasa. Mai shan kwalba ana iya yi masa lissafi. Mai shan burukutu a ƙwarya fa? Ƙwaryar wani ta fi ta wani girma, kuma dahuwar yau ba lallai ta kai ƙarfin ta jiya ba. Idan ba a auna abin da mutanenmu ke sha ba, makin shirme ne.

Sai kalmomi. Ɗaya daga cikin tambayoyin tana son sanin ko mutum yana nadama bayan ya sha. A wurinmu, wanda ya kurɓa sau ɗaya ma zai iya kwana da nadama saboda addini. Haka kuma, da zarar mutum ya ji ƙamshin kalmar "mashayi", zai rufe bakinsa ruf.

Shi ya sa masana ke bin matakai. Wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a duba inda ma'ana ta zame. Sannan a karanta wa mutane, a ce su faɗi abin da suka fahimta. A ƙarshe a gwada makin da binciken likita, a ga masu matsala nawa takardar ta kama, nawa suka sulale, nawa ta ɗora wa abin da ba su da shi.

Ni a ganina, wanda ya sulale shi ne abin tausayi. Ya zo asibiti, an tambaye shi, ya koma gida da ciwonsa saboda tambayar ba ta yi magana da harshensa ba.

Ɗaliban lafiya da na harshe, wannan aikinku ne tare. Mu kuma mu rage tsangwama, don mai ɓoye ciwo ba ya samun magani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.