Tsofaffin Talakawa Da Ɗaliban Asibiti



Maganata yau a kan tsofaffin talakawa ce. Ku dubi tsohuwa mai hawan jini da ciwon sukari, ga ido ya soma yana. Likita ya rubuta mata magani, mai kyamis ya sayar mata da wani, mai tallar magani a kasuwa ya ƙara mata na uku, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya ba ta. Ba kuma wanda ya tambaya ko akwai tuwo a gidan, alhali kuwa wasu ƙwayoyin sukari in an sha su da yunwa suna iya sumar da mutum.

Mahukunta za su ce akwai doka. I, akwai. Dokar Lafiya ta 2014 ta ce a keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa asusun marasa galihu, da tsofaffi a ciki. To, tsohon da ƙafa ta hana shi fita zaure, ta yaya kuɗin nan zai same shi? Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen tsofaffi tun 2012, amma mutumin ƙauye ba ya da kuɗin motar zuwa can.

Ga abin da jam'iyyarmu ke nema. Ɗaliban likita na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da na makarantun nas, da masu koyon haɗa magunguna, da masu koyon aikin lafiyar karkara, yanzu kowa a ajinsa yake karatu, sai ranar kama aiki suke haɗuwa. A haɗa su tun yanzu, huɗu-huɗu, da malaminsu a kansu. Mai unguwa ya nuna musu gidajen tsofaffin da ba su da mai taimako. Su auna jini, su zazzage ledar magani a kan tabarma su duba me ya yi karo da me, su rubuta komai a kati guda wanda zai bi tsohon duk asibitin da ya je.

Amma kada a mai da yaran nan bayi. A biya musu kuɗin mota daga asusun nan na 2014, kuma a lissafa aikin cikin jarrabawarsu.