Yaron Da Ya Yi Shiru: Jawabi a Taron Shekara Na Ƙungiya



Shekara da shekaru ƙungiyarmu tana gyara azuzuwa, tana sayen benci, tana biya wa marayu kuɗin WAEC da NECO. Allah ya saka. Yau ina so mu dubi yaron da ke zaune a kan bencin.

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar kwana, akwai wani ɗalibina, ɗan wani ƙauye da ke bayan dajin Falgore, wanda ba a taɓa raba shi da na ɗaya zuwa na uku ba. A zango guda ya daina magana, ya daina zuwa ɗakin cin abinci, yana kwana a aji. Muka ce lalaci ne, muka yi masa bulala. Ni da hannuna na yi. Sai da ya bar makarantar muka ji cewa mahaifiyarsa ta rasu lokacin hutu, ga kuma siniyoyi suna ƙwace masa ɗan guzurinsa. Babu malamin da ya tambaye shi me ke damunsa, har da ni.

Wannan ciwon damuwa ne, kuma likitoci sun san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na yara masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ku ƙirga ɗaliban aji guda a Kiru ko Tudun Wada, ku raba da bakwai.

Yaranmu kuma suna da nasu ƙarin nauyin. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na wajen birni. An koma karatu daga baya, amma yaron da ya saba kwana da kunne ɗaya a buɗe, wa ya zauna da shi? Wani sai ya nemi barci a kwalbar kodin, wadda gwamnatin tarayya ta haramta a 2018, ko a ƙwayar tiramol. Cibiyar gyaran tarbiyya da aka kafa a Kiru, a ƙofar gidanmu take. Yawancin abin da ke kai matashi can, tun yana ɗan sakandare yake farawa.

Idan ɗaliba ta faɗi tana ihu, mukan ce iska ce. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Amma a haɗa da likita. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Ga roƙona ga kwamitin ilimi. A cikin kasafin bana a ware kuɗin horar da malami ɗaya da malama ɗaya a kowace sakandare daga Bebeji zuwa Doguwa, su koyi gane alamun: rashin barci, ƙin abinci, janye jiki daga abokai, faɗuwar maki ba dalili. A ba su ɗaki mai ƙofa, domin yaro ba ya faɗin sirrinsa a ofishin da ake ajiye bulala. Likitoci da nas-nas 'yan wannan yanki da ke aiki a birni, ku ba mu yini ɗaya a kowane zango.

Ku kuma da 'ya'yan 'yan'uwanku ke makarantun gida, ranar ziyara kada ku tsaya ga aika gari da sukari ta hannun direba. Ku je da kanku, ku zauna da yaron, ku bar shi ya yi magana.

Na miƙa wa sakatare wannan shawara a rubuce, ina roƙon a sa ta cikin abin da za a tattauna kafin a tashi.