Ƙarancin Albarushi Da Harsashi: Jawabi Ga Maharba Da Maƙeran Ƙasar Keffi



Kukan da kuke yi ya iso gare mu. Kun ce albarushi ya yi wuya, harsashin bindiga mai baki biyu ya yi tsadar da talaka ba zai iya ba, ga birai da gyaduna suna ɓarna a gonakin doya da masara. Wannan kuka gaskiya ne. Abin da ya tara mu yau shi ne mu bayyana muku inda wannan ƙaranci ya samo asali, da hanyar da doka ta bar muku a buɗe, da kuma ramukan da mai gaggawa yake faɗawa.

Ba yau aka fara sa wa albarushi takunkumi ba. Bindigar toka da kuke riƙe da ita, jikar bindigogin nan ce da fataken Turawa suka riƙa saukewa a bakin teku, har sunan mutanen Denmark ya bi ta a bakin Ingilishi. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka taru a Brussels, suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani, suka bar musu tsofaffin bindigogi da albarushin fatauci kawai. Ku mutanen Keffi kun fi kowa sanin abin da ya biyo baya. A nan garin Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba na 1902, ya nufi Kano, Turawa kuwa suka riƙe wannan a cikin hujjojinsu na yaƙin Kano a 1903. Tun daga lokacin nan ba a yi wata hukuma da ta saki ragamar albarushi ba.

Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Bindigogi ta 1959. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na fari su ne na yaƙi, haɗe da ƙananan bindigogin aljihu. Waɗannan ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na farauta irin mai baki biyu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, watau adaka da 'yan'uwanta, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha da yardar Gwamna. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 17 lasi, haka nan mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi.

To, ga wurin da mutane da yawa suke tuntuɓe. Doka ba ta tsaya ga bindiga kaɗai ba, ta haɗa har da abin da ake ɗura mata. Ba mai ikon sayar da harsashi sai dillalin da aka yi wa rajista. Sa'an nan ƙera harsashi ko harhaɗa shi, sai da izni. Saboda haka wanda ya tsince kwanson harsashi ya sake cika shi a ɗakinsa, yana ganin tattali ya yi, a idon shari'a ƙira ya yi ba izni. A Amurka wannan sake cika kwanso abu ne da maharba suke yi a gidajensu, suna sayen garinsa a kanti. Dokarsu daban, tamu daban.

Me ya kawo ƙarancin? Kusan duk harsashin farauta daga waje ake shigo da shi. Kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, babban aikinsa biyan bukatar sojoji da sauran jami'an tsaro ne. Da darajar naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023, sai farashin duk wani abin da ke zuwa ta jirgi ya tashi. A wannan shekarar kuma rundunar 'yan sanda ta sanar cewa ta dakatar da ba da sabon lasin bindiga. Dalilinta a fili yake. A watan Janairu na 2017 jami'an kwastan sun kama bindigogi 661 a Legas, a watan Yuli na 2024 kuma suka nuna bindigogi 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar jiragen ruwa ta Onne. A dā in an ce 'yan bindiga, zaratan sarki ake nufi, masu ɓarin albarushi ran hawan salla. Ku dubi abin da kalmar ta koma yau. Lalle maharbi mai gaskiya yana biyan bashin da ba shi ya ci ba, amma hukuma ba ta da ikon gane zuciyar mai saye, takardarsa kaɗai take iya gani.

Yanzu sai maganar ranku, wadda ta fi ta kotu nauyi. Baƙin albarushin adaka daban yake da garin da ke cikin harsashin zamani. Na zamani ya fi ƙarfi nesa, an yi shi ne domin bakin bindigar da aka gwada a masana'anta. Bakin adaka kuwa sau da yawa bututu ne da maƙeri ya sarrafa. Wanda ya farke harsashi ya zuba garinsa cikin adaka, ko ya kankare kan ashana ya ɗura, ko ya karɓi wani gari a ƙullin leda daga hannun ɗan bumburutu ba tare da sanin ko mene ne ba, to, bakin bindiga yana iya tsagewa a hannunsa. Hannun hagu ne ke riƙe da bakin, fuska kuma tana kusa. Yatsu da idanu su ne suke fara tafiya. Asibitin Tarayya na Keffi yana iya ɗinke rauni, amma ba ya mayar da ido.

Mafi muni shi ne nakiyar masu haƙar ma'adinai. Jihar Nasarawa ƙasar ma'adinai ce, don haka wani zai zo muku da ita ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Nakiya tana ƙarƙashin Dokar Abubuwa Masu Fashewa ta 1964, aikinta fasa dutse. Ranar 16 ga Janairu, 2024, irinta ce da aka ɓoye cikin wani gida ta tashi a unguwar Bodija ta Ibadan, ta rushe gidaje, ta kashe mutanen da ba su san ma tana nan ba.

Wanda ke da halattaccen albarushi kuwa, ya ajiye kaɗan, a busasshen wuri, nesa da murhu da fitila da hannun yara. Kada a jingine bindiga a ɗure cikin ɗaki. Kada kuma tsoron ƙaranci ya sa mutum ya tara da yawa, gama tarin nan shi ke ƙara tsada ga ɗan'uwansa, shi ke kuma jawo masa idon ɓarayi.

Abin da muke roƙonku shi ne kowane sarkin baka ya rubuta sunayen mutanensa da irin bindigar kowa, ya kai wa hakimi da babban jami'in 'yan sanda na yankinsa. A nan za a gaya muku matsayin lasin kowa, da dillalin da ke da rajista. Wanda kuma ya ga ana tallar harsashi ko nakiya a ɓoye, ya sanar da 'yan sanda, ko Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021, aka kuma ƙarfafa ta da doka a 2024.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.